RA'AYI: Shagunan kwamfuta na Funtua da Malumfashi, kada a kulle ƙofa da ɓarawo a ɗaka

Daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da masara da dawa da waken suya ke cika kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua, kuɗin da ke juyawa a kudancin Jihar Katsina ba na wasa ba ne. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Tun bayan wahalar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manomi da dillali da mai sayen hatsi duk sun koyi karɓar kuɗi ta taransfa. Damin kuɗi ya ragu a aljihu, ya koma cikin waya.

Haka abin yake a ɓangaren takardu. Wanda zai nemi rancen noma, ko ya cike fom ɗin aikin soja ko na ɗan sanda, ko ya duba sakamakon WAEC da NECO na ɗansa, ko ya buga takardar NIN, galibi shagon kwamfuta yake nufa. A can zai miƙa lambar BVN da ta NIN da lambar waya da hotonsa, wani lokacin har da katin ATM don a biya kuɗin fom. Ƙaramin shago mai kwamfuta biyu da firinta da janareta ya zama rumbun sirrin ɗaruruwan mutane.

Su ma 'yan damfara sun san da haka. Shi ya sa ba a rasa sabon linki a WhatsApp da Facebook: yau tallafin taki, gobe rancen manoma, jibi rabon kuɗin gwamnati. Mutum zai kawo linkin shago ya ce a cike masa, yaron shago ya buɗe, a zuba bayanai, a biya kuɗin aiki, kowa ya kama gabansa. Sai bayan kwanaki a ji asusu ya yi ƙasa.

Ya kamata duk kwamfutar da ake shigar da bayanan jama'a a cikinta, a wannan yanki, ta kasance da shingen da ke hana ta buɗe shafukan da aka riga aka san na cuta ne. Hanya mafi araha ta yin hakan tana cikin kwamfutar tun daga kamfani, ana kiranta fayil ɗin hosts. Amma rubuta sunaye a wannan fayil rabin aiki ne. Wanda ya rubuta bai share tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfutar ba, tamkar ya kulle ƙofa ne alhali ɓarawo na ɗaka.

Yadda kwamfuta ke gane hanya

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowane shafin intanet yana zaune ne a wani adireshi na lambobi, irin 9.9.9.9. Idan mutum ya rubuta sunan shafin bankinsa, sai na'urar ta fara tambaya: wace lamba ce ke da wannan sunan? Tsarin da ke ba da amsa shi ake kira DNS. Wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma har yau a kansa intanet ke tafiya.

Kafin DNS, abin ya fi haka sauƙi. Kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su da yawa, don haka sunayensu da lambobinsu duka suna cikin fayil guda, wanda wata cibiyar bincike ta Stanford a Amurka ke kula da shi ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler. Kowa sai ya kwafo sabon fayil ɗin ya ajiye a tasa na'urar. Da kwamfutoci suka yi yawa, tsarin ya gaza, aka koma DNS. Sai dai ba a jefar da tsohon fayil ɗin ba. Yana nan a kowace kwamfuta mai Windows ko Linux ko ta kamfanin Apple, kuma abin da aka rubuta a cikinsa yana gaba da amsar da za a samo daga waje.

Duk wanda ya san kasuwar hatsi zai gane wannan. A ɗauka maigida yana da yaron aike. Idan aka ce a kai kaya siton wane, yaron zai tambayi dillalai ina siton yake. Dillalan su ne DNS. Amma maigidan yana da ɗan littafinsa, inda ya rubuta cewa wane da wane macuta ne, kada a kai musu ko tiya ɗaya. Wannan littafin shi ne fayil ɗin hosts.

A Windows ana samun sa a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts. Rubutun cikinsa ba shi da wuya: lamba, sai tazara, sai suna. Idan aka rubuta 0.0.0.0 sannan sunan shafin bogi a gabansa, an gaya wa kwamfutar cewa wannan sunan ba ya kai wa ko'ina. Ko an danna linkin, shafin ba zai buɗe ba. Ba a sayen lasisi, ba ya cin data, ba ya buƙatar sabuwar kwamfuta. Akwai ma masu sa kai a duniya da ke tattara dubun-dubatar sunayen miyagun shafuka suna rabawa kyauta, kamar jerin da Steven Black ke haɗawa a dandalin GitHub.

Wannan yana da muhimmanci a nan musamman, domin kwamfutocin ƙananan shaguna galibi na hannu ne, masu tsohuwar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, ya kuma sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar ƙarshe ta tallafin yau da kullum ga Windows 10. Tsohuwar kwamfutar da ba ta samun gyara tana buƙatar duk wata katangar da za a iya yi mata.

Inda gizo ke saƙar

A koma ga yaron aike. Jiya ya kai kaya siton wane har sau uku, ya haddace hanya. Yau da safe maigida ya gano mutumin macuci ne, ya rubuta sunansa a littafi. To amma yaron ba ya buɗe littafi a kan hanyar da ya riga ya sani. Da an ambaci sunan, sai ya ɗauki kaya ya miƙe.

Haka na'ura take. Don kada ta riƙa maimaita tambaya ɗaya, tana ajiye amsoshin da ta samu a wata ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu gyaran kwamfuta ke kira kash. Kowace amsa tana zuwa da wa'adinta, wata daƙiƙu kaɗan, wata sa'o'i, wata har yini guda. Kafin wa'adin ya cika, na'urar ba ta sake tambaya.

Kuma ma'ajiyar ba ɗaya ba ce. Windows tana da tata. Burauza irin Chrome da Firefox da Edge kowace tana da tata daban. Ƙaramar na'urar MiFi ko rauta da ke raba wa shagon intanet ita ma tana iya riƙe amsoshi. Bayan haka, idan burauza ta riga ta buɗe hanya tsakaninta da wani shafi, tana iya ci gaba da bin wannan hanyar ba tare da ta sake neman adireshi ba, ko ta nuno kwafin shafin da ta ajiye.

A mafi yawan lokuta Windows takan lura an taɓa fayil ɗin hosts ta sake karanta shi da kanta. Amma burauzar da ke buɗe tun safe ba ruwanta da hakan. A nan ne ake samun kuskure iri biyu, kuma kowanne yana da tsada.

Na farko: mai shago ya toshe shafin bogi, ya tafi sallah da kwanciyar hankali, alhali shafin na nan a buɗe a burauza, yaro na ci gaba da zuba bayanan mutane. Ko kuma ya gwada, ya ga shafin ya buɗe, ya yanke hukuncin cewa dabarar ƙarya ce, ya watsar da ita gaba ɗaya.

Na biyu kishiyar wannan ne. Wani lokacin jerin sunayen da aka kwafo yakan haɗa da shafi na ƙwarai bisa kuskure, ko wani ɓangaren da shafin biyan kuɗi ke buƙata. Mai shago ya gano, ya goge sunan daga fayil, amma shafin ya ƙi buɗewa, domin na'urar na riƙe da tsohuwar amsa. Har amsar da ke cewa babu wannan sunan ma akan riƙe ta na ɗan lokaci. Sai a ɗora wa sabis laifi, a ce netwok ne babu. Mutumin da ya biya kuɗin mota daga Kafur ko Danja ko Ƙanƙara don fom ɗin da za a rufe yau, sai a ce ya dawo gobe.

Aikin minti biyu

Maganin bai kai a kira injiniya ba. Ga yadda ake yi a Windows, bi da bi.

Da farko a kwafi fayil ɗin hosts na asali a ajiye a wani wuri, don a samu abin komawa idan an yi kuskure. Sannan a buɗe Notepad da ikon mai kwamfuta, wato ta zaɓin Run as administrator, a buɗo fayil ɗin, a ƙara sunayen, a adana. A kula kada sunan fayil ɗin ya koma hosts.txt, domin da wannan ƙarin ba zai yi aiki ba.

A rubuta kowane suna sau biyu, mai www a farko da marar shi. Fayil ɗin ba ya yin kiyasi. Sunan da aka rubuta daidai shi kaɗai yake tarewa.

Daga nan a rufe duk burauzar da ke buɗe. A buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig /flushdns a danna Enter. Wannan shi ne share ƙwaƙwalwar Windows. Wanda ke son ganin abin da ke cikinta zai iya rubuta ipconfig /displaydns.

Idan ba a son rufe Chrome, a rubuta chrome://net-internals/#dns a wurin adireshi, a danna Clear host cache, sannan a je chrome://net-internals/#sockets a danna Flush socket pools. A Firefox, about:networking#dns ne ke da maɓallin sharewa. Idan har yanzu abu bai daidaita ba, a kashe MiFi ko rauta a sake kunnawa.

Sai gwaji. Kada a gwada da shafin 'yan damfara. Akwai shafin da aka keɓe don irin wannan, example.com, wanda ba ya cutar da kowa. A toshe shi, a share ma'ajiya, a ga ya ƙi buɗewa. A cire shi, a sake sharewa, a ga ya dawo. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa ya gama fahimtar darasin. Abin lura ɗaya: umarnin nslookup da wasu ke gwaji da shi ba ya duba fayil ɗin hosts, kai-tsaye yake tambayar waje, don haka amsarsa ba hujja ba ce cewa shingen bai yi aiki ba.

Shin sharewa na goge kariyar?

Wannan ita ce fargabar da ke hana mutane da yawa taɓa umarnin, kuma ba ta da tushe. Share ma'ajiya ba ya taɓa fayil ɗin hosts ko kaɗan. Hasali ma, da an share, Windows takan sake ɗauko sunayen da ke cikin fayil ɗin ta ɗora su sabo. Yaron aike ne aka sa ya manta tsofaffin hanyoyi, littafin maigida na nan a inda yake.

Haka kuma ba ya goge hotuna, ba ya goge takardun kwastomomi, ba ya cire kalmar sirri. Iyakar illarsa ita ce shafukan farko da za a buɗe su ɗan yi jinkirin da ba lallai a lura da shi ba.

Sai dai akwai wuce gona da iri. Wasu kan ɗauko jeri mafi girma da suka samu, mai sunaye dubu ɗari ko fiye, su zuba wa tsohuwar kwamfuta. An daɗe da sanin cewa fayil mai girma sosai yana iya sa sashen Windows mai kula da sunaye ya yi nauyi, ta yadda bayan kunna kwamfuta ko bayan share ma'ajiya sai a jima kafin intanet ya fara aiki. A shagon da kowane minti man janareta ne ke ƙonewa, wannan asara ce. Jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ba zai kai kasuwa ba. Ƙaramin jeri mai tarar shafukan damfara da na ƙwayoyin cuta, wanda ake sabuntawa a kai a kai, ya fi katafaren jerin da aka zuba sau ɗaya aka manta.

Wuƙar tana da kaifi biyu

Duk mai shagon da zai yi amfani da wannan fayil dole ya san cewa ɓarayi ma suna amfani da shi. Kamar yadda za a iya rubuta cewa shafin bogi ba ya kai wa ko'ina, haka muguwar manhaja za ta iya shiga ta rubuta sunan banki na gaskiya ta haɗa shi da lambar shafin ɓarayi. Mutum zai rubuta adireshin bankinsa daidai, harafi bayan harafi, amma a kai shi wani wuri. Idan burauza ta fito da jan gargaɗi cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba, ba lokacin danna "ci gaba" ba ne, lokacin tsayawa ne.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A Nuwamban 2011 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da tarwatsa wani gungu daga ƙasar Estoniya, wanda ya yaɗa manhajar DNSChanger a kwamfutoci kusan miliyan 4 a ƙasashe sama da 100. Aikin manhajar shi ne canza wa kwamfuta dillalan da take tambaya, a riƙa karkatar da mutane zuwa inda gungun ke so. An ƙiyasta sun samu dala miliyan 14 ta wannan hanya. Ba su fasa ƙofar kowa ba, alamar hanya kawai suka juya.

Saboda haka kwamfutar shago tana buƙatar asusu biyu: na maigida mai ikon canza saiti, da na aikin yau da kullum marar wannan iko. Yara da kwastomomi su tsaya a na biyun. Kuma lokaci-lokaci a buɗe fayil ɗin hosts a karanta. Duk layin da ke ɗauke da sunan banki ko na hukuma, wanda ba mai shagon ne ya rubuta ba, alama ce ta ɓarna. A goge shi, a share ma'ajiya, a binciki kwamfutar da manhajar kashe ƙwayoyin cuta, a canza kalmomin sirri. Manhajar tsaro ta Windows ma takan yi ƙara wani lokacin idan an taɓa wannan fayil. A duba abin da take nunawa kafin a yi watsi da gargaɗinta.

Masu waya fa?

Mafi yawan masu karanta wannan a waya suke karantawa, kuma cinikin hatsi da dama a waya ake kammala shi. Wayar Android tana da fayil ɗin hosts, amma a kulle yake, ba a taɓa shi sai an fasa tsaron wayar. Fasawar ba shawara ba ce ga mai manhajar banki.

Akwai hanya mafi sauƙi. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai wurin da ake kira Private DNS a cikin saitin haɗin intanet. A nan mutum zai iya zaɓar dillalin da wayarsa za ta riƙa tambaya. Idan aka rubuta dns.quad9.net, wayar za ta koma tambayar Quad9, wata gidauniya mai zama a Suwizalan da ke ƙin bayar da adireshin shafukan da aka san na cuta ne. Kamfanin Cloudflare ma yana da irin wannan: security.cloudflare-dns.com mai tare miyagun shafuka, da family.cloudflare-dns.com wanda ya ƙara da tare shafukan batsa, abin da zai amfani iyaye. Duka kyauta ne, kuma su ke sabunta jerin da kansu.

A nan ma ƙa'idar ɗaya ce. Bayan canza saitin, a rufe burauza, a kunna yanayin jirgin sama na ɗan lokaci a kashe, ko a kashe wayar a kunna. Sannan a san cewa wasu manhajoji suna zagaye shingen. Opera Mini, idan tana kan tsarin matse data sosai, ta na'urorin kamfaninta take ɗauko shafi, don haka ba lallai shingen wayar ya shafe ta ba. Haka manhajojin VPN na kyauta da suka cika wayoyi tun lokacin da aka rufe Twitter, su ma suna iya bi ta bayan gida.

Abin da masu suka za su ce

Akwai masu cewa toshe shafuka, ko da wane suna aka kira shi, tauye 'yanci ne. Mutanen wannan yanki suna da dalilin jin haka fiye da kowa. A Satumban 2021, bayan an katse layukan sadarwa a Zamfara har mutanen Gusau na tahowa Funtua don buga waya, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Dandume da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Sai a watan Disamba aka fara maido da shi. A tsakiyar kaka aka yi wannan zama, lokacin da manomi ya fi buƙatar jin farashi. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairu, 2022.

Amma akwai bambanci tsakanin ƙofar da aka kulle wa mutum ta waje da wadda ya sa wa sakata ta ciki. Fayil ɗin hosts a hannun mai kwamfuta yake. Yana iya buɗe shi ya karanta kowane layi, ya cire abin da bai yarda da shi ba, a cikin minti biyu. Sanin yadda ake share ma'ajiya ma wani ɓangare ne na wannan ikon, domin shi ke sa cirewar ta fara aiki nan take. Abin da adalci ke buƙata kawai shi ne mai shago ya sanar da kwastomomi cewa kwamfutarsa tana da shinge.

Wasu kuma za su ce wahalar banza ce, tunda ɗan damfara na iya buɗe sabon suna kowace safiya. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban raunin dabarar. Shafin da aka ƙirƙira jiya da dare ba ya cikin jerin kowa. Da yawa daga cikin fom ɗin bogi ma a kan dandamali na ƙwarai ake ɗora su, irin fom ɗin Google, inda toshe sunan zai toshe har masu gaskiya. Kuma babu fayil ɗin da zai hana mutum karanta wa baƙo lambar sirrin da banki ya turo masa, don an kira shi an ce daga hedikwata ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ba a rubuta maganinsa a Notepad.

To amma ba a fasa yi wa gona shinge don akwai tsuntsaye. Shinge na dabbobi ne, tsuntsu kuma da nasa maganin. Maganin sabon linki shi ne ido: a duba ƙarshen sunan, domin shafukan hukumomin gwamnati galibi da .gov.ng suke ƙarewa, a kuma tuna cewa ba a neman lambar sirrin ATM don ba mutum tallafi.

Akwai suka ta uku da ta cancanci a saurara. Manyan jerin sunaye da yawa suna toshe tallace-tallace baki ɗaya, alhali da talla kafafen labarai na Hausa ke biyan ma'aikata. Wanda burinsa tsaro ne ba ya buƙatar yanke wa kowa abinci. Ya zaɓi jerin da ya tsaya kan damfara da ƙwayoyin cuta.

Nauyin da ke kan kowa

Masu shaguna su sani cewa wannan ya wuce batun kyautatawa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa masu karɓa da sarrafa bayanan mutane alhakin ɗaukar matakan tsare su. Ko ba doka ma, amana ce. Wanda ya miƙa BVN ɗinsa ya miƙa makullin rumbunsa ne.

Ƙungiyoyin masu shagunan kwamfuta da na masu POS a Funtua da Malumfashi suna da abin da babu wani jeri na ƙasar waje da ke da shi: su ne ke fara ganin linkin bogi da aka rubuta da Hausa, mai ɗauke da sunan taki ko iri ko rancen kaka. Idan duk wanda ya ci karo da irinsa zai tura sunan a zauren WhatsApp na ƙungiya, a rubuce ba a matsayin linkin da za a danna ba, a tantance, kowa ya ƙara a fayil ɗinsa ya share ma'ajiya, shafin da ya cuci mutum ɗaya a Bakori ba zai cuci na biyu a Musawa ta hannun ɗan ƙungiya ba.

Hukumomi ma da nasu. NITDA da NCC suna fitar da gargaɗi kan barazanar intanet, amma galibi da Turanci, a shafukan da manomi ba ya leƙawa. Shiyyar Funtua tana da ƙananan hukumomi 11. Horon yini ɗaya da Hausa a kowace hedikwata, ga masu shaguna da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, ba zai ci kuɗin kwalbati ɗaya ba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta kafa hukumar kula da fasahar sadarwa ta jiha, tana da inda za ta ɗora wannan aiki. Duk hukumar da za ta raba taki ko rance kuma, ta sanar da adireshin shafinta na gaskiya a rediyo, harafi bayan harafi, kafin 'yan damfara su riga ta.

Funtua ta samu tashar tsandauri da aka ƙaddamar a 2024, kuma fatan kowa shi ne hatsi da auduga da waken suya na wannan yanki su riƙa fita kasuwannin duniya daga gida. Wannan ciniki da takardun intanet ake yin sa. Kafin a kai can, gara a fara da ƙaramin abu: a rubuta sunayen macuta a littafi, a sa yaron aike ya manta tsohuwar hanya, sannan a gwada a ga ko ƙofar ta kullu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kaka ba ta jiran kowa.